Jemagun da Na Kora

Kwana biyu kafin mijina ya rasu ya ce mini kada in bari a sare rimin da ke bayan gidanmu. Na ce to. Ya ce in faɗa da kyau, na sake cewa to, ba za a sare ba. A lokacin rimin ya shekara shida bai yi abin kirki ba, amma shi ya nace hutawa yake yi.

Mijina mai katifa ne, Allah ya jiƙansa. Ba katifar soso ba, ta audugar rimi, wadda ake ɗurawa da hannu a bi ta da basilla. Sana'ar ubansa ce, kuma da aka kawo ni gidan na shiga cikinta har wuya. Shi ke bugun auduga da ɗuri, ni ke yanka yadi, in ɗinka, in wanke, in shanya. Muna da ɗaki guda mai taga ɗaya inda yake bugu. Yakan rataya jiƙaƙƙen buhu a ƙofa, ya ɗaure hanci da tsumma, ya yi ta dukan audugar da sanduna biyu har 'ya'yanta baƙaƙe su zube ƙasa. In ya fito, gira da gemu duk sun yi fari, yara su ce ga kaka ya zo.

Rimi uku ne da can. Manya ne, jijiyoyinsu sun taso sama kamar katanga, har 'ya'yana kan ɓuya a tsakani in sun yi laifi. Da sanyi ya shigo sai su zubar da ganye tas, su yi fure. Furen ba ya buɗewa sai rana ta faɗi, warinsa kamar madarar da ta kwana. Bayan wata biyu da wani abu sai kwanso ya cika rassa, dogaye kamar hannun jariri. Akwai mutumin da ke hawa ya kakkaɓo mana kafin su fashe iska ta kwashe. Kowa Biri yake ce masa, shi ma yana amsawa. A shekara mai kyau har ƙarƙashin gadonmu buhuna ne.

A ƙarshen layinmu kuma akwai fili mai itatuwan maɗaci, sun kai ashirin. Nan jemagu suke. Da rana suna rataye kamar tsummokaran da aka manta a igiya, suna ta ƙara, ga wari. Da magariba sai su tashi gaba ɗaya, sama ta yi baƙi, su bi ta kan gidanmu. Kuma duk abin da ke shanye sai sun bar masa shaida. Kashin jemage ba ya fita a farin yadi. Na gwada sabulu, na gwada toka, na gwada lemun tsami. Sai dai ya koma ruwan ƙasa ya zauna.

Wata shekara wani gidan baƙi ya ba mu aikin katifu goma sha biyu, farare. Muka gama, muka baje su a tsakar gida su sha rana. Ran nan autata ta ƙone a hannu, na ɗauke ta muka tafi asibiti, shi kuma yana ɗakin bugu bai san rana ta faɗi ba. Da na dawo, takwas sun lalace.

Na ja shi har gabansu na ce, "Dubi nan, don Allah. Mako biyu ina ɗinki."

Ya ce, "Sai a sake musu riga, ranki ya daɗe."

"Da hannun wa? Ni dai na gaji. Ko su bar unguwar nan ko ni in bar wanki."

"Nan muka tarar da su. Babana bai kore su ba."

"Babanka bai taɓa wanki ba."

Ya yi dariya har da tari, ya ce wannan kam gaskiya ne. Bai ce in kore su ba, bai ce kada in kore su ba. Shi ma bai san dalilin da ya sa ubansa ya ƙyale su ba. Da ya sani da ya faɗa.

Na bi gida gida. Ban sha wahala ba, don kowace mace a layin tana da zanen da suka ɓata mata. Muka tara tsofaffin tayoyi da gwangwanaye. Da sassafe, in sun dawo za su sauka, sai mu kunna tayoyin a gindin maɗatan, mu yi ta buga gwangwani. Kwana tara muka yi a jere. Ashe lokacin goyonsu ne. Ƙananan suka riƙa faɗowa daga jikin iyayen, tsirara, ba su fi babban yatsa ba. Ni da hannuna na share su na zuba a rami. Ban ji komai ba a lokacin, ba zan yi ƙarya ba. A rana ta goma muka zo da gwangwanayenmu muka tarar da rassa wayam. Har buɗa aka yi, wata ta ce ni ya kamata a ba shugabancin unguwa.

Da wari ya tafi, filin ya yi farin jini. Ba a shekara biyu ba aka sare maɗatan aka jera shaguna.

Rimi kuwa suka ci gaba da fure kamar kullum, sai dai furen ya bushe ya zubo. Shekarar farko muka sami rabin abin da muka saba, muka ce ƙarancin ruwa ne. Ta biyu ko kwata ba mu samu ba, muka ce tsufa ne. Wata ta ce baki ne, har ruwan addu'a aka zuba a gindinsu. Ɗaya ya tafi da aka faɗaɗa titi. Na biyu 'yan'uwan mijina suka sayar wa masu katako, tunda filin na gado ne kuma itacen ba ya kawo komai. Babban ya rage. Mijina ya koma sayen gutsattsarin soso yana cusawa a matashi, yana yi yana tsaki. Tarin da ya kwaso a ɗakin bugu bai bar shi ba har ya kai shi ƙasa.

Wata bakwai da rasuwarsa, iska ta karyo reshe ya faɗa kan rufin maƙwabcinmu. Allah ya tsare ba kowa a ɗakin, amma kwanon ya lotsa har gado. Ƙanin mijina, wanda muke ce wa Direba don motar haya yake ja, ya zo ya zauna a kan turmi.

"Matar yaya, itacen nan fa ya isa."

"Ya isa me?"

"Ya isa kabari. Yau kwano ne, gobe kan mutum ne."

"Yayanka ya bar mini amana."

"Yayana har tsohon takalmi ba ya iya yarwa. Ke ma ai da ya iya da tuni ya sauya ki."

"Da ya sauya ni wa zai riƙa ciyar da kai?"

Muka yi 'yar dariya, amma bai janye ba. Ya ce ya riga ya kai takarda ofishin gandun daji, don ba a sare babban itace sai da izininsu.

Wadda suka turo mace ce, ta manyanta, da takalmin roba da igiyar awo a aljihu. Lokacin sanyi ya fara, rimin ya soma fure. Ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa jijiyoyin, sannan ta tsuguna ta debi furen da ya zubo tana buɗewa da farce.

Ta ce, "Mama, shekara nawa yana zubar da fure haka?"

"Shida, ko bakwai."

"Ina jemagunku?"

Na ɗauka yabo za ta yi. Na ce ai mun daɗe da rabuwa da wannan masifa, ni ce ma na jagoranci korarsu. Ta ɗago ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta nuna mini wani gari rawaya a cikin furen, ta ce in jemage ya cusa kai yana shan zaƙin fure, garin yakan manne masa a fuska da ƙirji, ya kai shi wani itacen. Da haka rimi ke ɗaukar ciki. Shi ya sa furen ba ya buɗewa sai da magariba, su yake jira. Ta ce zuma kan zo da safe ta ɗan taimaka, amma kafin nan yawanci fure ya gaji.

Na ce, "Wato ba hutawa yake ba."

"A'a, Mama. Lafiyarsa lau, ban da rassa biyu da suka ruɓe. Kowace shekara yana shiri, ba mai zuwa."

Na zauna a kan jijiya. Direba yana tsaye, ya cire hula ya mayar. Na roƙe su su bar shi ya gama wannan furen. In ya yi 'ya'ya a ƙyale shi, a sare ruɓaɓɓun rassan kawai. Direba ya ce ya yarda, ina jin don ya tabbata ba zai yi ba. Malamar ta ce za ta riƙe takardar wata biyu, iyakar abin da za ta iya ke nan.

Na fara da abin da hankalina ya ba ni. Na sayo ayaba da gwanda da suka nuna sosai, na rataya a kan gora a gindin rimin. Tsuntsaye suka ci, ƙudaje suka gama sauran. Kowace magariba ina tsaye ina kallon sama, ba ko ɗaya. Matan da muka buga gwangwani tare suna leƙowa ta katanga, ɗaya ta ce, "Yaya, in sun zo ki ce muna gaishe su."

Sai aka ba ni labarin wani maharbi da ke kamo su a can bakin kogi. Na aika masa cewa da rai nake so. Ya kawo biyar a kwando.

"Ga su, da rai kamar yadda kika ce. Amma baiwar Allah, in magani za ki yi ai matacce ya fi sauƙi."

"Ba magani ba ne. Aiki za su yi mini."

Ya dube ni, ya dubi kwandon, ya tafi yana girgiza kai.

Da rana ta faɗi na buɗe kwandon a gindin rimin. Furanni sun buɗe, warin ya cika gida. Uku suka tashi, ko zagaya itacen ba su yi ba, suka miƙe can inda aka kamo su. Biyu suka kasa, raga ta karya musu fukafukai. Na kai su ɗakin bugu na rataya musu tsohon buhu suka maƙale. A nan na fara ganin fuskar jemage kusa. Kamar ta ɗan kwikwiyo ce, da manyan idanu. Ina matsa musu gwanda a cokali suna lasa. Ɗaya ya kwana uku ya mutu, ɗayan ya kai shida.

Na koma wurin malamar a ofishinsu, wani ɗaki mai fanka da tarin takardu har kan kujera. Ta ce akwai dabara guda, amma wahala ce. Mutum ya yi aikin jemagen da hannu. A samo fure daga wani rimin, a debi garinsa da gashin kaza, a shafa wa nawa yana buɗewa. Ta ce rimi mafi kusa da ta sani yana bayan wata tashar mota, tafiyar awa biyu.

Direba ne ya kai ni, yana mita tun daga ƙofar gida.

"Yau na ga ikon Allah. Na kai amare, na kai gawa, ban taɓa zuwa nema wa itace miji ba."

"Ka tuƙa dai, ka rage surutu."

"In an tambaye ni zan ce ban san ki ba."

Amma shi ya hau kan motar da adda ya saro ƙananan rassa masu furen da ke shirin buɗewa, muka tsoma su a bokitin ruwa. A hanya duk ramin da ya gani sai ya rage gudu kada ruwan ya zube.

Saura mai hawa. Biri ya tsufa, gwiwa ta kumbura, yanzu gadi yake a wani shagon siminti. Da na gaya masa abin da nake so ya ce, "Don mai katifa zan hau. Amma reshen ƙasa kawai, uwar ɗakina. Wancan Birin da kika sani ya daɗe da mutuwa."

Ya kafa turakunsa a jikin itacen, ya ɗaura igiya a ƙugu. Hawan da yake yi da kamar wasa, ran nan sau huɗu yana tsayawa ya huta. Da ya zauna a reshen muka aika masa da bokiti ta igiya, da gora mai gashin kaza a baki, da tocila. Rana ta faɗi, furannin cikin bokitin suka buɗe, na kan itacen ma suka buɗe. Ina ganinsa daga ƙasa yana dangwala nan ya dangwala can. Sama da kansa kuma furanni ne ba iyaka, fari fat har ƙololuwa, inda ba gorar da za ta kai.

Ya leƙo ya ce, "Kai, jemagun nan ashe ma'aikata ne. Ni ko ashirin ban yi ba kafaɗa ta mutu."

Sau uku muka yi wannan tafiya. A na ukun da ya sauko sai da Direba ya riƙe shi. Ya zauna a ƙasa ya ce mini, "Kada ki sake kirana, don in kin kira zan zo, kuma zan faɗo."

Furanni suka gama zubowa, na share su buhu buhu. Kullum da safe ina tsaye ƙarƙashin reshen nan har wuyana ya sage. Bayan mako biyu na ga wasu 'yan koraye sun maƙale ba su faɗo ba. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Tara. Duk faɗin itacen nan, tara, kuma dukansu a inda gorar Biri ta taɓa.

Na aika aka kira Direba na nuna masa.

"Ka ce in ya yi 'ya'ya za a bar shi. Ga su."

Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Matar yaya, tara ko matashin jariri ba za su cika ba. Baɗi wa zai hau?"

"Ka dai yi alkawari."

"Na yi. Ba zan ce ban yi ba."

Ya tafi, kuma har ga Allah ina jin da ya cika alkawarin. Amma kwana goma bayan haka ɗaya ruɓaɓɓen reshen ya tsage da tsakar rana, ya rataye a kan hanyar da 'yan makaranta ke bi. Mutanen layi suka taru suka tafi ofis da kansu. Malamar ta dawo da wani mai tsani, suka duba inda ya tsage, suka tarar ruɓar ta shiga cikin uwar itacen fiye da yadda ta zata. Ta same ni a ɗakin bugu, inda na shige don kada in ga taron.

Na ce, "In an bar shi, za su dawo?"

"Ba zan yaudare ki ba, Mama. Ko sun zo ba su da wurin kwana. An yi shaguna."

"To a ba ni mako uku. Kwanson su nuna, in sami iri."

Ta ce za ta gwada. Na san ta gwada, don Direba ya ce ya ji tana ta waya. Amma reshen na rataye a kan hanya, masu inji kuma sun ce ranar da suke unguwar ke nan, in ta wuce sai bayan wata biyu. Ba wanda ya yarda ya jira. Ta sa hannu a takardar a gabana, ta ce in yi haƙuri.

Suka zo su huɗu da inji biyu. Na ce su fara sauko mini da reshen ƙasa a hankali, da igiya. Babbansu ya ce to, Hajiya, amma igiyar ta zame, reshen ya faɗo da ƙarfi. Suka nemi ruwan sha na kawo musu. Tun hantsi suke yi har la'asar. Ina jin ɗaya yana cewa katakon rimi ba shi da ƙwari, sai dai a yi allon zuba kankare da shi. Da uwar itacen ta faɗi, kwanukan da ke kan kantata sai da suka zubo.

Na bi cikin ganye da rassa na tsinto kwanso bakwai, biyu ban gan su ba. Kore shar, da nauyi. Biri ya zo, ban san wa ya gaya masa ba. Ya karɓi ɗaya ya fasa da wuƙa. Audugar a jiƙe take, a dunƙule kamar ɓargo. Ya ciro iri ya matsa a yatsa, ya fashe, fari ne, ruwa ne a ciki.

Ya ce, "Bai yi ba. Da saura."

"Ko an shanya?"

"Ko an shanya."

Duk da haka na shanya su, na zaɓi waɗanda suka fi girma na shuka a gwangwanaye goma sha ɗaya, na jera a bakin ɗakin bugu. Na yi wata guda ina ba su ruwa safe da yamma. A ɗaya wani abu ya tsiro, na kira malamar a waya ta zo har gida, ta duba ta ce ciyawa ce. Autata ta ce in zubar da ƙasar ta sami wurin ajiye kekenta. Na ce mata gobe. An yi wata huɗu yanzu, gwangwanayen suna nan.